Ƙuri'ar Hausawan Agege: ina take tafiya, me take jawo mana?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar zaɓen ƙananan hukumomin jihar Legas, 12 ga Yulin 2025, kuma har yau bai sauka ba. Na yi sammako zuwa rumfar zaɓenmu, na tarar ma'aikata sun baje kayansu suna jira, amma mu da muka zo ba za mu cika sahu ɗaya a masallacin layinmu ba. Da na biyo ta bakin titin jirgi zan koma gida, sai ga samarinmu sun kafa duwatsu a tsakiyar kwalta suna buga ƙwallo, tunda an hana motoci fita. Kwana ɗaya kafin nan Juma'a ce, mun cika masallaci har mun tare hanya. Ina waɗannan mutanen suka shiga ranar Asabar?

A nan Agege aka yanke cibiyata, a nan aka binne kakana. Ina so manya da ƙanana su gaya mini gaskiya: wa muke zaɓa a unguwar nan, me ya sa muke zaɓarsa, kuma me ya sa yawanmu ba ya fitowa a akwati?

Abban Khadija Mile 12:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar tana cikin aljihunmu. Ka sa kowa a zauren nan ya zaro katinsa ya karanta abin da ke jiki, za ka ga Bichi, Funtuwa, Haɗeja, Illela. Ni kaina nawa na Ɗanja ne, shekarata goma sha huɗu ina sauke tumatir da albasa a nan. Idan babban zaɓe ya matso motocin da suka kawo kaya su suke komawa da mutane. Wanda bai samu tafiya ba kuma ya zauna a rumfarsa ta kasuwa yana sauraron sakamako a rediyo. Kati na Katsina ba ya aiki a Kosofe, ƙaramar hukumar da Mile 12 take.

Uwar Biyu:
Gaskiya ce wannan. Cikin matan da muke sayar da abinci tare a wajen mayanka ta Oko-Oba, masu katin Legas ba su da yawa. Wasu ma ba su da shi ko na gida.

Baba Mai Goro:
Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, amma sai ka san mafarin abu kafin ka ga laifin mutane. Bari in ɗan ja ku baya.

Iyayenmu goro ne ya kawo su Agege. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano tun wajen 1912, nan kuma ƙasar goro ce, ga tasha a kusa. Aka kafa zango, ana ɗaure huhu ana loda wa jirgi. Mutumin da ya zo da wannan niyyar bai zo neman mulkin kowa ba. Abin da yake so wurin kwana, wurin sallah, da a bar shi ya yi cinikinsa. Don haka tun farko tsarin shi ne: Sarkin Hausawa da dattawa su zauna da masu gari, su yi magana da yawun kowa. In zaɓe ya zo a ce mana ga inda aka dosa, mu bi.

Ni na jefa ƙuri'ata ta farko a 1979. A na shugaban ƙasa zuciyarmu tana Arewa, wasu na Shagari, wasu na Malam Aminu Kano. A na gwamna kuwa da yawanmu Jakande muka yi wa, na UPN, kuma ba mu yi da-na-sani ba, domin makarantun da ya buɗe kyauta 'ya'yanmu sun shiga ba a tambaye su garinsu ba. Kun ga ke nan wake da shinkafa ba yau muka fara ba. Sama mu bi zuciya, ƙasa mu bi wanda ke riƙe da gari.

Sannan kada ku manta da abin da idonmu ya gani. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 na ga mutane sun sayar da kayansu a wulaƙance sun hau mota. Na ga rikicin Ketu a 1999, na ga na Idi-Araba a 2002, ga na Mile 12 a 2016 da Abban Khadija zai fi ni ba da labari. Wanda ya ɗauki gawar ɗan'uwansa a irin wannan rana, in ka ce masa ya fito ya ja da masu gari a akwati, zai dube ka ne kawai. Kada ku kira shi tsoro. Lissafin mai iyali ne.

Ɗan Zango:
Allah ya ƙara girma Baba. Na karɓi tarihin, kuma ban raina abin da kuka gani ba. Amma ni ba ɗan ci-rani ba ne. Yarabanci a bakina kamar Hausa yake. Ina biyan kuɗin shara, ina biyan na shago, ina biyan na masu gadin layi. Har yaushe za mu ci gaba da lissafin baƙo alhali mun kai jika da tattaɓa-kunne a nan?

Jar Hula:
Ku bar zagaye-zagaye. Matsalar ita ce an mayar da mu 'yan amshin shata. Duk zaɓe sai a tara shugabannin ƙungiyoyi a wani ɗakin taro, a ɗauki hoto, a ce al'ummar Arewa mazauna Legas sun yi mubaya'a. Wa aka tambaya? Ni a 2023 Kwankwaso na zaɓa, kuma ko gobe aka dawo shi zan yi wa.

Malamin Lissafi:
Ɗan'uwa Jar Hula, ra'ayinka ne kuma haƙƙinka ne, amma bari mu ɗora alƙaluma a faifai don muhawarar ta tsaya da ƙafarta. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, a jihar Legas, Peter Obi ya samu 582,454, Tinubu 572,606, Atiku 75,750, Kwankwaso 8,442. Ka dubi na ƙarshen nan da kyau. Jar hular da ake gani a Agege da Alaba Rago da Obalende kaɗai ta fi wannan adadi. Ma'ana masoyansa suna nan, katinsu ne ba ya nan.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Masu rajista a Legas sun haura miliyan 7, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Kasuwar Mile 12 ita kaɗai, da a ce masu katin Ɗanja da Bichi sun dawo da shi nan, za ta iya juya wannan sakamako duk inda ta so. Wannan ne abin da ke ci mini rai. Ba mu san nauyin kanmu ba.

A Agege APC ce ta ci a wannan zaɓen, da rata mai faɗi. Maƙwabtanmu Alimosho da Ikeja kuwa Obi suka bi. Sai ranar 18 ga Maris aka yi na gwamna, Sanwo-Olu na APC ya samu 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na jam'iyyar su Obi 312,329. Cikin mako uku hoton ya canza.

Jar Hula:
Ya canza ne saboda an tsorata mutane. Kowa ya ga abin da ya faru a wasu unguwanni ranar.

Malamin Lissafi:
An yi barazana a wurare, masu sa ido sun faɗa, ban musa ba. Amma bai isa ya bayyana komai ba. Da yawan Yarbawan da suka juya wa APC baya a Fabrairu sun dawo a Maris, da aka mai da maganar ta koma ta wa ke da Legas.

Uwar Biyu:
Ku maza kuna ta lissafin dubbai, bari in faɗa muku yadda abin yake a tsakar gida. Ana saura kwana kaɗan zaɓe shugabar mata za ta shigo da atamfa mai hoton ɗan takara, da 'yar shinkafa a leda. A zaɓen 2023 kuma kun tuna halin da ake ciki na canjin kuɗi, ko naira dubu sabuwa ka gani sai ka yi hamdala. Mace mai 'ya'ya biyar ba za ta mayar da shinkafa ba, kada ma wani ya zo yana yi mana wa'azi a kan haka. Amma wallahi ba shinkafar ce ke sa mu dangwala ba. Abin da ke sa mu shi ne, ranar da aka kama yaronka da daddare, wa za ka kira? Ranar da aka zo za a tashi rumfarka, wa zai tsaya? Wanda ke da lambar kansila shi muke bi. Mutanen jam'iyya mai mulki su ne a kusa shekara huɗu cur. Sauran sai ana gobe zaɓe muke ganin fastarsu, bayan nan ko ofishinsu ba ka sani ba.

Baba Mai Goro:
'Yata kin faɗi abin da na kasa faɗa a taƙaice. Allah ya yi miki albarka.

Ɗan Haɗeja Mai Acaɓa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a nan amma ina da abin cewa. Ana cewa bin masu mulki kariya ne. To mu masu acaɓa wace kariya muka samu? Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana mu aiki a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Watan Satumba aka ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Babur ɗina na farko bashi na ci na saya, ban gama biya ba aka ƙwace shi, ban sake ganinsa ba. Na je wurin manyanmu, suka ce in yi haƙuri. Mu dubbai ne, amma da za a yanke hukuncin nan ba wanda ya kira mu ya ji ta bakinmu, ko a ba mu wata sana'ar. Daga baya aka cire tallafin mai, abin ya haɗe mana goma da ashirin.

Abban Khadija Mile 12:
Allah ya mayar maka da alheri ƙanina. Amma in tambaye ka tsakani da Allah, katinka na ina ne?

Ɗan Haɗeja Mai Acaɓa:
Na gida ne Yaya.

Abban Khadija Mile 12:
To ka gani. Ni da kai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ɗan siyasa yana da rajistar kowace rumfa a hannunsa, ya san wanda zai iya kayar da shi. Da ya san masu acaɓa ƙuri'a dubu hamsin ne a jihar, ko zai hana sai ya zauna da ku tukuna.

Tsohon Ejan:
Na yi wa jam'iyya wakilci a rumfa sau uku a nan Agege, bari in ƙara muku da abin da ba a gani daga waje. Ranar zaɓe ba ita ce ranar da ake zaɓe ba. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 gida ɗaya ke riƙe da Legas, suna kawai yake canzawa: AD, AC, ACN, APC. Tinubu, Fashola, Ambode, Sanwo-Olu. A irin wannan wuri wanda ya samu tikiti ya gama rabin aiki. Tikitin kansila kuwa a taron gunduma ake dafa shi, inda ake zama duk mako ko duk wata, ana rubuta sunan wanda ya zo. Na sha shiga taron nan in ƙirga namu da yatsun hannu ɗaya. Yarbawa mata da maza, tsofaffi da sanda, suna nan. Haka taron ƙungiyar ci gaban unguwa, inda ake maganar kwata da taransifoma da ƙofar layi. Mu muna ganin ɓata lokaci ne, a bar shago a je a zauna ana surutu. Ranar rabo kuma mu ce an ware mu.

Ku dubi Mudashiru Obasa. Daga kansila ya fara a nan Agege, ya shiga majalisar jiha, ya zama kakaki a 2015. Ko kana sonsa ko ba ka so, ta matakalar ƙasa ya hau. Mu kuwa so muke mu fara daga sama, a ba mu mai ba da shawara na musamman.

Jar Hula:
Wato shawararka duk mu shige APC ke nan? Mu zuba ƙwanmu a kwando ɗaya?

Tsohon Ejan:
A'a ɗan'uwa. Ka shiga wadda ka ga dama, amma ka shige ta a gundumar da kake kwana. Jam'iyyarka tana da shugaban gunduma a layinku? In babu, kai ka zama. Ai ba a hana ba.

Malamin Lissafi:
Akwai misali a gabanmu. A 2015 PDP ta ci kujerun majalisar wakilai a Amuwo-Odofin da Ajeromi-Ifelodun da wani ɓangare na Oshodi-Isolo, kuma waɗanda suka hau ba Yarbawa ba ne. Mutanen Kudu maso Gabas da Neja Delta da ke zaune a wuraren nan sun yi rajista a inda suke, shi ke nan sirrin. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, kuma tun 2018 mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha.

Baba Mai Goro:
Malam, a nan zan ɗan ja maka birki. Ka ga abin da ya biyo bayan wannan a 2023, yadda aka yi ta jifan juna da maganganu tsakaninsu da masu gari. Ni ba na so mu sayi irin wannan. Mu da Yarbawan Agege mun yi auratayya, muna sahu ɗaya a masallaci, muna zuwa sunan juna da jana'izar juna. Wannan jari ne da iyayenmu suka tara shekara ɗari. In za ku nema ku nema, amma da hannu biyu, ba da ƙirji ba. A nemi kansila a inda muke da yawa, a nemi mataimakin ciyaman, a zauna da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da sarakunansu a yi magana. A 2019 an ba ɗan Arewa kwamishina a gwamnatin jihar nan, ba da faɗa aka samu ba.

Ɗan Zango:
Baba ban ƙi taka ba, ba kuma wanda ya ce a yi fito-na-fito. Inda na bambanta da kai shi ne, kujerar da aka ba ka don alheri ana iya karɓe ta gobe ba ka da ta cewa. Wadda ƙuri'arka ta kawo kuwa sai an yi shawara da kai. Idan dattawa suka shiga wurin masu gari da rajistar mutum dubu ashirin a hannu, maganarsu za ta fi nauyi fiye da su shiga da rawani kawai. Ƙarfi nake so mu ƙara muku.

Kuma ina so mu daina cewa ba a yi komai ba, don ba gaskiya ba ne, yana kuma sa samari su ce zaɓe banza ne. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage mana azabar cunkoso, wanda ya san wurin a da ya sani. Jirgin Red Line yana tsayawa a Agege. Amma shiga cikin lungunan Zango da damina ka ga kwata. Je makarantar gwamnati ka ƙirga yara a aji ɗaya. Manyan ayyuka suna bin babban titi, ƙananan kuwa suna bin wanda ya matsa. Waɗannan ƙananan aikin kansila da ciyaman ne, zaɓen da muka bar wa 'yan ƙwallo.

Malama Mai Islamiyya:
Ina bin ku tun ɗazu. Abu ɗaya ba a taɓo ba. Shekara da shekaru abin da ke fitar da mutanenmu rumfa mutum ɗaya ne, marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa. A 2011 ma da ya zo na uku a Legas, bayan Jonathan da Ribadu, layukanmu shi suka yi. A 2015 da 2019 abin ya zo da sauƙi, don zuciya da masu gari sun haɗu a jam'iyya ɗaya, aka yi sak. Ɗalibaina mata da ba su taɓa fita ba sun fita a lokacin. Yanzu babu wannan. Na tambayi manyan ajinmu kwanaki wa za su zaɓa nan gaba, mafi yawa suka ce ba za su fita ba, tsadar rayuwa ta ishe su. Ina jin tsoron 2027 fitowarmu ta fi ta da lalacewa. Mun saba fita don mutum, ba mu saba fita don unguwa ba.

Kuma a taimaka wa mata. Da yawa mazansu ba sa barinsu zuwa rajista saboda layi da cakuɗuwa. In aka samu rana aka tafi da su rukuni-rukuni tare da mu malamai, za a bari.

Abban Khadija Mile 12:
Amin. Ni dai akwai abin da ke riƙe ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. In na dawo da katina nan, na rasa bakin magana a gida. Can gonata take, can iyalina suke, can za a kai ni in na mutu. Ɗan majalisarmu na can ya san ni saboda ina kawo masa mutane.

Ɗan Zango:
Wannan uzuri ne mai ƙarfi Yaya, kuma ban ce kowa ya sauya ba. Wanda iyalinsa ke gida, yana zuwa yana komawa, ya bar katinsa can. Amma mai mata da 'ya'ya a nan, yaransa suna makaranta a nan, matarsa tana awo a asibitin nan, me katinsa yake yi a garin da yake zuwa sau ɗaya a shekara da Babbar Sallah? Sai kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan suka cika 18 ba su taɓa rajista ba. Su kaɗai sun isa su canza lissafin gunduma biyu ko uku.

Ɗan Haɗeja Mai Acaɓa:
Yaya ake sauyawar? Sai na koma Jigawa?

Tsohon Ejan:
Ba sai ka koma ba ƙanina. Idan INEC ta buɗe rajista, ka je ofishinta na ƙaramar hukumar da kake zaune da katinka, ka ce sauyin wurin zaɓe kake so, ka faɗi adireshinka a ba ka rumfa mafi kusa. Ana iya fara cikewa ta shafinsu na intanet. Kada ka yi sabuwar rajista alhali kana da tsohuwa, laifi ne, kuma na'ura tana gano wanda ya yi biyu. In sabon kati ya fito ka je da kanka ka karɓa, don nan ne mutanenmu suka fi sakaci, a yi rajista a bar kati a ofis.

Jar Hula:
Zan sauya nawa. Amma kowa ya sani ba don in bi layin da aka shata mini ba ne.

Baba Mai Goro:
Ba wanda zai shiga rumfa tare da kai ɗana. Ni abin da zan iya, zan kai maganar gaban dattawa da limamai bayan sallar Juma'a, a roƙi a yi sanarwa a masallatai ba tare da an ambaci wata jam'iyya ba. Ɗan Zango ka zo ka same ni a rumfa kafin nan, ka taho da Malamin Lissafi da takardar alƙaluman nan, domin dattawa sai sun gani a rubuce.

Uwar Biyu:
Malama ki sa ni a rukunin farko. Akwai mata shida a wurinmu da na san za su bi ni. Ranar Talata ko Laraba ta fi mana, ciniki bai cika yawa ba.

Malama Mai Islamiyya:
To Hajiya, Laraba bayan an tashi darasin safe. Kowa ta zo da tsohon katinta in tana da shi.